Gaba da Baya, Kwafi Biyu

NINGRUM: Salamu alaikum.

BAPAK: Wa alaikumus salam. Halo? Ningrum ce ko Sekar?

NINGRUM: Ni ce, Bapak, 'yarka Ningrum. Ina wuni?

BAPAK: Lafiya lau, Nduk, 'yata. Ke da 'yarki muryarku ta zama ɗaya, mutum ba ya sanin wa zai yi wa faɗa. Ya gida? Ya Semarang?

NINGRUM: Lafiya ƙalau. Ya Klaten? Ya Ibu?

BAPAK: Uwarki tana nan, tana kicin tana yaƙi da tukwane. Ya ruwa a wajenku?

NINGRUM: Tun azahar ake yi, bai ɗauke ba. Ya gwiwar taka?

BAPAK: Ya me?

NINGRUM: Gwiwa, Bapak! Ƙafarka!

BAPAK: Oho. Tana nan inda kika bar ta. In zan yi sujada sai ta yi ƙara, liman ya ɗauka wani ne ya buɗe ƙofa. Ya jikata, ya makaranta?

NINGRUM: Tana lafiya, tana ɗaki.

BAPAK: Ya mijinki? Danang ya dawo daga gareji?

NINGRUM: Yana... lafiya.

BAPAK: To madalla. Ni dama wani abin dariya na kira in ba ki. Amma tsaya tukuna. Mura kike yi?

NINGRUM: A'a.

BAPAK: To kuka kika yi.

NINGRUM: Layin ne ba kyau.

BAPAK: Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin gunduma ina sauraron masu cewa takardarsu ta ɓata alhali tana aljihunsu. Ni za ki gaya wa layi? Me ya faru?

NINGRUM: Ba komai fa, an ma gode Allah. Ɓarayi ne suka so su shiga katina na banki yau da safe. Wancan da nake sayayya da shi ta waya, in biya ƙarshen wata.

BAPAK: Innalillahi! Sun ƙwace miki jaka?

NINGRUM: Ba wanda ya taɓa ni. Katin yana hannuna yanzu haka. Ina dama wa Sekar shayi sai ga saƙo, wai ana son sayen waya ta rupiya miliyan tara da katina, ga lamba shida ta tabbatarwa. Kafin in gama karantawa sai ga kira. Wani mutum, murya a natse kamar mai karanta labarai. Ya ce daga banki yake, an ga ɓarayi suna taɓa katina, in yi maza in karanto masa lambobin da suka shigo don ya toshe.

BAPAK: Ai ya kyauta, Allah ya yi masa albarka.

NINGRUM: Bapak! Shi ne ɓarawon!

BAPAK: Shi ɗin? Mai muryar?

NINGRUM: Shi ɗin. Ya faɗi cikakken sunana, ya faɗi ranar haihuwata, har lambar gidanmu. Wallahi na fara karanta masa. Na ce huɗu, bakwai, ɗaya. Sai idona ya sauka ƙasan saƙon, an rubuta kada ka ba kowa wannan lamba, ko da ma'aikacin banki ne. Na ce masa, in kai bankin ne, ai ku kuka aiko lambar, me ya sa kake tambayata? Sai muryar ta canza, ya fara yi mini tsawa. Na kashe.

BAPAK: Yauwa! 'Yata ke nan. Wannan kan nawa ne, ba na uwarki ba.

NINGRUM: Na juya katin na kira lambar da ke bayansa, aka rufe shi nan take. Miliyan tara ba ta fita ba. Sun sake gwadawa sau biyu, duk ya ƙi.

BAPAK: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. To kukan na mene ne? Ai sadaka ya kamata ki yi.

NINGRUM: Akwai guda ɗaya ƙarami da ya wuce tun kafin in farga, dubu ɗari da hamsin. Bankin sun ce za su bincika, wataƙila su mayar. Ba kuɗin ba ne. Inda aka tura shi ne. Irin wuraren wasan nan na waya ne.

BAPAK: Caca?

NINGRUM: Ka dai gane.

BAPAK: Ningrum. Kada ki ce mini...

NINGRUM: To wa zan zarga in ba mijina ba? Katin nan ba ya barin jakata. Wuri biyu kawai nake sayayya, kuma ban taɓa danna wani abin da aka turo mini ba. Ko mai kawo kaya bai taɓa ganinsa ba. Mutum ɗaya ne yake kwana ɗaki ɗaya da jakar nan. Kuma kai shaida ne, shekara biyu da suka wuce har babur ya sayar saboda cacar waya. A gabanka ya durƙusa ya rantse ya daina.

BAPAK: Kuma ya daina. Ni ban ji komai ba tun lokacin.

NINGRUM: Ni ma ban ji ba, sai yau. Na tsare shi yana cin abinci. Ya ciro wayarsa da walat ɗinsa ya ajiye a kan tebur, ya sa takalmi ya fita. Na kira gareji, sun ce bai zo ba. Halo? Bapak? Kana ji na?

BAPAK: Ina ji.

NINGRUM: To me ka ce?

BAPAK: Nduk, katin nan, wane launi ne?

NINGRUM: Me ya haɗa launi da...

BAPAK: Yana da lambobi masu tudu, layi huɗu-huɗu? Da wani ɗan murabba'i mai ƙyalli a gefe?

NINGRUM: Duk haka suke. Me ya sa?

BAPAK: Ƙarshensa sifili, tara, biyu, biyu?

NINGRUM: Bapak, a ina ka san wannan?

BAPAK: Astagfirullah. Ga shi a gabana. Shi ne abin dariyar da na kira in ba ki.

NINGRUM: Me ke gabanka? Katin yana hannuna!

BAPAK: Hotonsa. Duk ya sha mai. Shekaranjiya na sayi soyayyiyar ayaba wajen tsohuwa Painem, ta bakin masallaci. Ina ci, ina ci, sai na ga sunanki yana leƙo ni ta ƙarƙashin ayabar. Na ce ikon Allah, 'yata ta yi suna, har an fara naɗe abinci da ita.

NINGRUM: Ban gane ba. Ya aka yi hoton katina ya je wajen mai ayaba?

BAPAK: Kin tuna da Sallah, da kuka zo? Na ce ina son katin shaidarki don takardun gonar kakarki. Kina wanke wa Sekar kai, kika ce in ɗauki ƙaramar jakar katunan a kan gado.

NINGRUM: Katin shaida na ce ka ɗauka!

BAPAK: To na je shagon Darto mai fotokwafi na ga kati biyar a ciki. Na ce tunda na zo, kuma farashin shafi ɗaya ne, ai gara a yi duka. Mutum bai san ranar da za a tambaye shi ba.

NINGRUM: Ka yi wa katin bankina fotokwafi?

BAPAK: Gaba da baya. Kwafi biyu.

NINGRUM: Har baya?

BAPAK: Wa yake karɓar kwafi mai fuska ɗaya? Ni da hannuna na sha mayar da mutane gida saboda haka.

NINGRUM: Wayyo Allah na.

BAPAK: Na farkon ma bai fito ba, wasu 'yan lambobi uku a baya sun yi baƙi. Na ce wa Darto ba zan biya kuɗin aikin banza ba, ya sake, ya ƙara musu girma.

NINGRUM: Ka sa an ƙara musu girma!

BAPAK: Sun fito tas. Ko ba tabarau ina karanta su.

NINGRUM: Da katin shaidata a shafi ɗaya?

BAPAK: A jere, gwanin kyau. Na kuma rubuta lambar wayarki a gefe da biro, kamar yadda ake yi wa kowane fayil. Halo? Nduk? Kuka kike yi ko dariya?

NINGRUM: Ban sani ba! Wallahi ban sani ba! Bari in zauna. To daga fayil ɗinka ya aka yi ya fita?

BAPAK: Wannan kuma aikin uwarki ne. Watan jiya ta ga gara a kabad, ta kwashe takarduna kaf ta sayar wa mai sayen tsoffin takardu. A kan kilo! Aikin shekara talatin da ɗaya, ta sayi bokiti da kuɗin. Shi kuma yana sayar wa masu suya. Makon jiya maƙwabcinmu ya ci rogo a kan takardar fanshona. Ga uwar taki nan ta leƙo daga kicin. Eh, da ke nake! Ke kika sayar! Ka ji ta, wai da ba ta sayar ba da gara ta cinye mu muna barci.

NINGRUM: Ka ce kwafi biyu.

BAPAK: Biyu. Da wanda ya lalace, uku, shi Darto ya jefa a kwandonsa.

NINGRUM: Ɗaya ne a hannunka.

BAPAK: Ɗaya ne.

NINGRUM: To ba shi ba ne. Ba Mas Danang ba ne. Bapak, ba shi ba ne!

BAPAK: Da alama dai wani ya ci ayabarsa ya kuma karanta takardar.

NINGRUM: Shi ya sa mutumin ya san ranar haihuwata! Ni kuwa na ce wa zai ba shi in ba na gida ba. Alhamdu lillahi! Ya Allah, na gode maka. Ko ruwa ban sha ba. Har na fara tunanin yadda zan kawo Sekar wajenku, wace makaranta zan sa ta a Klaten. Har na ciro akwati, Bapak.

BAPAK: Mayar da akwati. Ba mu da wuri, uwarki ta cika ɗakin da bokitai.

NINGRUM: Ban taɓa jin daɗin an yi mini sata ba sai yau. Ɓarawo na gaske, wanda ban sani ba! Allah na gode!

BAPAK: Amma tsaya, ni har yanzu abin bai shige ni ba. Takarda ce fa. Baƙi da fari, ba hatimi, ba sa hannun kowa. A ofishinmu ko tabarma ba za a ba ka aro da ita ba. Ya za a yi a sayi waya da ita?

NINGRUM: A intanet ba mai ganin fuskarka, ba mai neman sa hannu. Lambar gaba, da watan da katin zai mutu, da ukun nan na baya. Shi ke nan. Duk wanda ya haɗa su ya zama ni.

BAPAK: Ukun da na ƙara wa girma.

NINGRUM: Su ɗin.

BAPAK: Ba wanda zai ce kawo na asali mu gani?

NINGRUM: Babu. Abin da ya rage kawai lamba shidan nan da banki ke turowa wayata. Ita ce ƙofar ƙarshe. Shi ya sa ya kira ni.

BAPAK: Da lambar da na rubuta masa da biro.

NINGRUM: Ka yi masa aiki tsaf, Bapak. Ko shi ba zai tsara fayil ɗin haka ba.

BAPAK: Ke, ina mahaifinki kina yi mini dariya? To ai laifin bankin ne. Wa yake rubuta mabuɗi a jikin ƙofa? Da ni ne shugabansu...

NINGRUM: Da kai ne shugabansu, da kafin in sayi sabulu sai na kawo takarda daga mai unguwa.

BAPAK: Kuma da ba a yi miki sata ba! Halo? Halo? Kin tafi?

NINGRUM: Ina nan, tsawa aka yi. Saurara, Bapak. Sauran katunan da ka kwafa fa?

BAPAK: Na asibiti, na tuƙi, da wani mai hoton kaza.

NINGRUM: Wannan na gidan abinci ne, in ka ci sau goma a ba ka ɗaya kyauta.

BAPAK: Shi ma gaba da baya.

NINGRUM: Su je su ci kazar, na yafe. Na Mas Danang fa? Ka taɓa yi wa nasa?

BAPAK: Wannan ai ba ya sakin walat ɗinsa. Nawa dai na yi, na cirar fansho.

NINGRUM: Gobe da safe ka je banki a canza maka shi. Ka ji? Ba jibi ba.

BAPAK: Nawa ba ya sayayya a waya. Ni ban ma iya ba.

NINGRUM: Kai ba ka iya ba, mai cin ayaba ya iya. Ka je. In sabon ya zo, ka haddace ukun bayan ka liƙe su da takarda. Nawa ma haka zan yi. Matar bankin ta nuna mini yadda zan kulle sayayyar intanet daga wayata, sai zan saya in buɗe, in na gama in mayar. Ta kuma rage mini iyakar abin da zai iya fita a rana.

BAPAK: Za su nemi fotokwafi?

NINGRUM: Bapak!

BAPAK: Tambaya na yi! To wannan na hannuna fa? Har na goge man, na danne shi da littafi ya miƙe.

NINGRUM: Ƙona shi.

BAPAK: Takarda ce mai sunanki.

NINGRUM: Ba wa Ibu ta sa a murhu yanzu, ina ji.

BAPAK: Ungo, 'yarki ta ce ki ƙona. A'a, ba duka fayil ɗin ba! Wannan kaɗai! Kin ji matar nan, wai yau take Sallah. To an ƙona. Gobe kuma zan bi ta wajen Painem in duba tarin takardunta ɗaya bayan ɗaya.

NINGRUM: Ba sai ka je ba, katin ya riga ya mutu. Ko sun samu ba abin da zai yi musu.

BAPAK: Zan je dai. Akwai takardar aurenmu a ciki.

NINGRUM: To ka je.

BAPAK: Nduk.

NINGRUM: Na'am.

BAPAK: Na yi wauta. Ni na ɗauka ina adana miki ne. Ki yi haƙuri.

NINGRUM: Haba Bapak, ni ban riƙe ka ba. Ka san daɗin da na ji kuwa? Da ba ka kira ba, da yau na rusa gidana da hannuna.

BAPAK: Me kika ce masa? Faɗa mini daidai yadda kika faɗa.

NINGRUM: Na ce... na ce dama na san ba zai taɓa canzawa ba. Na ce shekara biyun nan ban taɓa yarda da shi ba, jira kawai nake.

BAPAK: Kai, Ningrum.

NINGRUM: A gaban Sekar.

BAPAK: Gaskiya ne? Jiran kike?

NINGRUM: Ban sani ba. Da safe na ɗauka gaskiya ne. Mutumin nan duk ƙarshen wata sai ya miƙo mini albashinsa a ambulan bai buɗe ba, ni nake ba shi kuɗin mai. Ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Amma saƙo ɗaya ya shigo, ban ko tambaye shi ba, na yanke masa hukunci.

BAPAK: Wayar da ya bari, kin duba?

NINGRUM: Tana nan inda ya ajiye ta. Tsoro nake ji in buɗe.

BAPAK: To kada ki buɗe. Ya dawo ya same ta yadda ya bar ta. Ni kuma gobe in na fito banki zan hau motar Semarang, in zo in gaya masa da bakina cewa surukinsa ne ya raba katin matarsa a gari.

NINGRUM: Da wannan gwiwar? Zauna abinka. Kai takarda ka kwafa, ni ce na yi maganar.

BAPAK: Ina kike jin ya tafi?

NINGRUM: Ban sani ba. Ba waya, ba ko sisi a aljihunsa, ga ruwa. Na kira ƙanensa, na kira abokinsa mai walda, ba wanda ya gan shi. Bapak, in bai dawo ba fa?

BAPAK: Zai dawo. Wanda zai gudu ba ya barin walat. Ki dafa masa abin da yake so, ki kuma rage surutu. In kin fara ba da haƙuri kada ki ce amma. Na san ki, ke da uwarki, ba kwa iya cewa yi haƙuri ba ku liƙa amma a baya ba. Eh, da ke ma nake! Ka ji ta, wai...

NINGRUM: Tsaya. Tsaya, Bapak.

BAPAK: Mene ne?

NINGRUM: Ana buga ƙofa. Bari in leƙa ta taga. Sekar, matsa. Shi ne! Bapak, shi ne, ya dawo!

BAPAK: Alhamdu lillahi! Ban gaya miki ba? Lafiyarsa ƙalau?

NINGRUM: Ya jiƙe sharkaf. Ga mabuɗi a hannunsa, ina gani, amma bai sa ba. Ƙwanƙwasawa yake yi. Gidansa ne fa, Bapak, yana tsaye yana ƙwanƙwasawa kamar baƙo.

BAPAK: To me kike jira?

NINGRUM: Me zan fara ce masa?

BAPAK: Ba ni shi in yi masa bayanin fotokwafin, tun daga shagon Darto...

NINGRUM: A'a. Wannan nawa ne. Sekar, kawo tawul, babba! Mas! Ina zuwa, Mas, kada ka tafi, ga ni nan!

BAPAK: Nduk, ki tuna, ban da amma! Halo? Ningrum? Halo?